Ruwan Baya Ba Ya Jira: Yadda Ake Cin Moriyar Gwaji a Kan Sanƙarau da Danginsa

Daga tsakiyar hunturu zuwa faɗuwar ruwan farko, asibitocin Zamfara da Kebbi sun saba da wani irin marar lafiya da ake saukewa daga kan babur ko bayan a-kori-kura: jiki zafi zau, kai na sara, wuya ya ƙi lanƙwasuwa, wani ma ya fita hayyacinsa yana sambatu. 'Yan rakiya kan ce sanƙarau ne, kuma sau da yawa da gaskiyarsu. Sai dai kama da wane ba ta wane. A yankin nan, maleriyar da ta hau kai, tarin fukan da ya kai ƙwaƙwalwa, ƙwayar bairos, naman gwarin da ke kama masu raunin garkuwa, har da gubar dalma, duk suna iya zuwa da wannan kama, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne. Abin da ke raba gardama shi ne ruwan da bai wuce cokalin shayi ɗaya ko biyu ba, wanda ake ɗiba daga gadon baya. Matsalarsa guda: daga fitowarsa yake fara lalacewa, kuma mafi yawan sakamakon banza da ake gani daga hannun mutane ya lalace, ba daga na'ura ba.

Ruwan nan shi ke kewaye ƙwaƙwalwa da laka. A jikin baligi bai wuce mililita 150 ba a lokaci guda, amma jiki na sarrafa kusan mililita 500 kowace rana, yana shanye tsohon. Saboda haka ɗan abin da aka ɗiba yakan dawo cikin ƙasa da awa guda. Wannan ita ce amsar da ya kamata a ba mahaifin da ya ce ya ji in an ɗebi ruwan baya yaro zai shanye. A ce masa, "Baba, laka tana ƙarewa ne sama da ƙugu, allurar kuwa ƙasa da nan za ta shiga, inda ruwa ne kawai." Haka abin yake: lakar baligi tana tsayawa wajen gaɓar ƙugu ta 1 zuwa ta 2, allurar kuma tana shiga tsakanin ta 3 da ta 4, ko ta 4 da ta 5. Asalin tsoron shi ne, an fi ɗibar ruwan ga waɗanda ciwo ya riga ya ci ƙarfinsu. In mai rai ya cika, sai a ɗora wa allura.

Wanda ba a taɓa wa baya

Akwai marar lafiyar da ɗibar ruwan za ta iya kashe shi da gaske, kuma gane shi aikin likita ne tun kafin a buɗe allura. Idan matsi ya yi yawa cikin ƙoƙon kai, rage ruwa daga ƙasa na iya sa ƙwaƙwalwa ta zamo ta danne cibiyar numfashi. Alamunsa: baƙin ido ɗaya ya fi ɗaya buɗewa, ɓarin jiki ya mutu, suma mai zurfi ko mai ƙaruwa, jijjigar da ba ta tsaya ba, numfashi ya rikice. Haka wanda jininsa ya faɗi ƙasa hannuwa suka yi sanyi, ko wanda tabon jini ke yaɗuwa a fatarsa, ko mai ƙurji daidai wurin da allura za ta shiga. Mai tsohon ciwon kunne da ke zubar da mugunya, ya zo da ciwon kai da raunin gefe guda, a fara zargin ƙurji cikin ƙwaƙwalwa. Shi hoton kai yake buƙata, ruwan baya ba zai faɗi komai mai amfani ba, ga kuma haɗari.

A duk waɗannan, abin yi shi ne a ɗebi jini don shuka, wato renon ƙwayar cuta a ɗakin gwaji har ta tsiro a gane ta, a duba sukari da maleriya, a ba da magani nan take. Wannan ƙa'ida ta fi kowace muhimmanci: ba a jinkirta allurar ceftriaxone, maganin kashe bakteriya, don jiran gwaji. Ana son ta shiga cikin awa guda da isowa, giram 2 duk awa 12 ga baligi, miligiram 100 kan kowane kilo a rana ga yaro. In ɗibar ruwa za ta yiwu cikin 'yan mintoci, a fara da ita. In sai an nemo mai yi ko an sayo kaya daga bakin asibiti, magani ne gaba.

Jerin yana da dalili. Ƙwayar sanƙarau mai annoba, wato meningokokas, takan daina tsirowa a shuka kamar awa 2 bayan allurar farko. Numokokas, wata bakteriyar da ita ma ke kawo sanƙarau, ya fi ta taurin kai, yakan kai awa 4 zuwa 10. Ga shi kuma kusan kowa sai ya biya ta kemis kafin ya zo asibiti. Don haka shukar da ba ta tsiro ba, a jikin wanda ya sha magani kwana biyu, ba ta wanke kowa ba. Adadin ƙwayoyin jini da furotin da sukarin ruwan kan ɗauki kwanaki kafin su daidaita, gwajin PCR kuma, wanda ke neman ƙwayar halittar cutar, yana gano ko da gawar ƙwayar.

Kwalabe uku da wurare uku

Ɗigo 20 shi ne kusan mililita 1. Ana son aƙalla mililita 1 a kowace kwalba mai tsabta: ta farko don furotin da sukari, ta biyu don rini (rina ƙwayar cuta don a gan ta a madubin likita) da shuka, ta uku don ƙirga ƙwayoyin jini, tunda ita ce jinin sokar allura bai cika gurɓatawa ba. In abin da ya fito kaɗan ne, ɓangaren ƙwayoyin cuta ya fi cancanta da shi.

Daga nan ne kuskuren da ya fi yawa yake faruwa, kuma da kyakkyawar niyya ake yin sa. Ma'aikaci ya saba duk samfuri firji ake sa shi, sai ya sa ruwan baya. Meningokokas da numokokas da hemofilos, wanda shi ma bakteriyar sanƙarau ce, ba sa jure sanyi, firji na kashe su. Ruwan da za a shuka a bar shi a zafin ɗaki, a kai shi hannu da hannu cikin awa guda. In ba zai kai ba, akwai ƙaramar kwalbar Trans-Isolate da ake rabawa don sa ido kan annoba. Ita a firji ake ajiyarta tun ba a yi amfani da ita ba, amma sai an fito da ita ta huce, an tabbatar ruwan cikinta bai yi gurɓi ba, an goge robar bakinta da sifirit, sannan a zuba rabin mililita zuwa 1. Bayan haka ta yi sallama da firji. In za ta wuce awa 24 kafin tafiya, a soka mata allura mai toshiyar auduga don ta sha iska, kada allurar ta taɓa ruwan, a zare ta ranar tafiya. Ba a sa mata ƙanƙara a hanya, ba a kuma bar ta gaban gilashin mota a ranar Afirilu ta Birnin Kebbi, inda zafi ke haura digiri 40.

Kason PCR kuwa akasin haka ne. Shi sanyi yake so: mililita 1 a ƙaramar roba mai murfin murɗawa, cikin firji ko firiza, a yi tafiya da shi cikin akwatin ƙanƙara. Ke nan samfuri biyu na mutum ɗaya za su hau mota ɗaya, ɗaya cikin sanyi, ɗaya a waje. In aka haɗa su akwati guda, an yi asarar ɗaya.

Ƙirga ma ba ta jira. Fararen ƙwayoyin jini irin nutrofil suna fashewa a cikin kwalba: kusan kashi ɗaya cikin uku a awar farko, rabi a awa ta biyu. Ruwan da aka ɗiba da la'asar aka ƙirga da safe zai nuna adadi kaɗan, kuma waɗanda suka rage yawancinsu limfosait ne, wani nau'in fararen ƙwayoyin, sai ya yi kama da na bairos alhali bakteriya ce.

Karatun sakamako

Lafiyayyen ruwa garau yake kamar na rijiya mai kyau. In ya fito kamar tsarin shinkafa ko ruwan gasara, a ɗauka bakteriya ce har sai an ga akasi. Amma ruwa ba ya fara gurɓacewa a ido sai fararen ƙwayoyi sun kai wajen 200 a kowane maikurolita, alhali iyakar lafiya 5 ce ga baligi da yaro, wajen 20 ga jariri sabon haihuwa. Ruwa garau, saboda haka, ba shaidar lafiya ba ne. Yawancin na tarin fuka da na bairos da na naman gwari garau suke fitowa.

A sanƙarau na bakteriya, fararen ƙwayoyi kan haura 1,000, mafi yawansu nutrofil, furotin ya wuce miligiram 100 a desilita maimakon 15 zuwa 45, sukari ya faɗi. Na bairos kan tsaya daga gommai zuwa 'yan ɗaruruwa, limfosait, sukari lafiya lau. Na tarin fuka yana tsakani: limfosait, furotin mai yawa ƙwarai, sukari ƙasa, ciwon kuma ya ɗauki mako biyu ko uku yana rarrafe maimakon kwana biyu.

Sukarin ruwan baya shi kaɗai ba ya magana. Sai an gwada shi da na jini da aka auna daidai lokacin, ɗigo ɗaya a yatsa kafin a soka allura. A lafiya, na ruwan kan kai kashi 60 cikin 100 na na jini. In ya gaza kashi 40, akwai magana. Mai ciwon sukari da na jininsa ya kai 300, in na ruwansa ya nuna 70, takarda za ta ce daidai, alhali ya faɗi warwas. Wannan gwajin yatsa ba ya cin minti guda, amma shi aka fi mantawa.

In allura ta taɓa jijiya ruwan ya fito da jini, ana cire farin ƙwaya 1 kan kowace ja 500 zuwa 1,000. Lissafi ne na kintace. Kada a dogara da shi a dakatar da magani.

Rinin Gram shi ne gwajin da ya fi kowane biyan kuɗinsa. A juya ruwan a injin juyawa minti 10 zuwa 15, a ɗauki abin da ya kwanta a ƙasa, a shafa, a rina, a duba a madubin likita. Jajayen ƙwayoyi bibbiyu masu siffar wake suna fuskantar juna, wasu a cikin nutrofil, meningokokas ke nan. Masu launin shuɗi mai duhu, bibbiyu masu tsini kamar kan mashi, numokokas. Cikin rabin awa likita ya sami alƙibla. Ga wanda bai sha magani ba, rinin na kama ƙwayar sau 6 zuwa 9 cikin 10. Inda yake ɓaci: a zarce da ruwan wanke rini sai numokokas ya koma ja, ko tsohon rini mai gari-gari ya bar ɗige-ɗigen da sabon ma'aikaci zai ɗauka ƙwaya ce.

Shuka, wadda ma'aikata ke ce wa kalca, tana cin awa 24 zuwa 48 a zafin digiri 35 zuwa 37, cikin gwangwani mai murfi da aka kunna kyandir a ciki har ya mutu da kansa, don iskar ta dace da ƙwayar. Ana amfani da faranti mai jini da wanda ake kira na cakulan, wanda babu cakulan a cikinsa ko kaɗan, jini ne aka ɗumama har ya yi ruwan ƙasa. Jinin tunkiya ya kamata a yi shi da shi. Jinin mutum da ya tsufa a ma'ajiya na iya ɗauke da magani ko garkuwar da za ta hana tsiro. In wuta ta ɗauke tsakar dare injin ɗumamawa ya huce, aikin ya tashi. Duk da wahalar nan ba a yar da shuka, domin ita kaɗai ke nuna wane magani ne ke kashe ƙwayar, wane ne ta fi ƙarfinsa. Shukar jini ma tana kama ƙwayar a fiye da rabin masu sanƙarau na bakteriya in an ɗiba kafin magani, mililita 8 zuwa 10 ga baligi, 1 zuwa 3 ga yaro.

Gwajin da ba na marar lafiya kaɗai ba

Ga mutum ɗaya a kan gado, sanin jinsin meningokokas bai sauya maganinsa. Ga ƙaramar hukuma kuwa, shi ne komai. Rigakafin MenAfriVac da aka fara a Najeriya a 2011 ya karya lagon jinsin A, wanda ya yi ɓarnar 1996 da ta kama fiye da mutum 100,000 a ƙasar nan. Amma A kaɗai yake tarewa. Wani sabon nau'in jinsin C ya ɓulla a Sakkwato da Kebbi daga 2013 zuwa 2015, sannan a ƙarshen 2016 ya tashi daga yankin Zurmi ya zama babbar annoba: sama da mutum 14,000 da ake zargi, sama da 1,100 suka rasu, Zamfara ce ta fi ɗaukar nauyi. Cikin waɗannan duka, kusan ɗaya cikin goma ne aka gwada ruwansa. Rigakafin gaggawa kuwa ba a sakinsa daga rumbun duniya sai an nuna shaidar jinsin da ke yawo. Kowace kwalbar da ta mutu a firji jinkiri ne ga gari guda.

Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya shi ne: a yankin da ke da mutum 30,000 zuwa 100,000, in aka sami 3 cikin 100,000 a mako, a farka. In ya kai 10, annoba ce. Lokacin farkawar nan ne samfuri ya fi daraja, don haka mutanen farko na lokacin sanƙarau su ne ba a so a rasa ruwansu. Gwajin gaggawa na latex irin Pastorex na ba da jinsi cikin mintoci a asibitin da ke da firji da injin juyawa, amma sai an tafasa ruwan minti 3, ba ya raba Y da W, kuma in kwalaben sun buɗe ba sa daɗewa. Tabbaci na ƙarshe PCR ne, wanda ake yi a manyan ɗakunan gwaji irin na hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, da ke Gaduwa a Abuja, ta hannun jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma. Ko bayan da Najeriya ta zama ƙasar farko da ta fara rigakafin Men5CV a 2024, mai tare A da C da W da X da Y, buƙatar gwajin ba ta ragu ba: numokokas ma na tayar da annoba a wannan yanki, kuma wannan rigakafin bai shafe shi ba.

Masu shigar burtu

Gwajin maleriya na yatsa ya ɓatar da mutane da yawa. A damina da bayanta yara masu yawa na ɗauke da ƙwayar ba tare da ita ce ta kwantar da su ba, kuma gwajin kan ci gaba da nuna layi biyu makonni bayan an warke. Yaron da ya suma, layi biyu ba su hana shi sanƙarau. In maleriya ce kaɗai, ruwan baya garau yake, fararen ƙwayoyi ba su cika kai 10 ba. In ba a iya ɗiba ba, a haɗa artesunate, maganin maleriya mai tsanani, da ceftriaxone. Shi kuwa gwajin taifod na Widal, wanda ake rubuta wa kusan duk mai zazzaɓi, ba shi da abin faɗa a wannan zance, kuɗinsa ya fi amfani a wajen shukar jini.

Tarin fuka na ƙwaƙwalwa ƙwayoyinsa kaɗan ne a ruwan, shi ya sa rinin da ake yi wa majina da wuya ya gan su. Gwajin injin GeneXpert Ultra ya fi, kuma injinan na nan a cibiyoyin tarin fuka, amma yana son ruwa da yawa, mililita 6 ko fiye ga baligi, a juya a gwada abin da ya kwanta. In ya ce babu, bai kore cutar ba. A duba hoton ƙirji, a tambayi ko akwai mai tsohon tari a gidan, kuma in siffar ruwan ta nuna, a fara magani. Duk baligin da ya zo da sanƙarau mai rarrafe a yi masa gwajin ƙanjamau. In yana ɗauke da ita, gwajin tsinke na CrAg yana gano naman gwarin kiriptokokas cikin minti 10, a jini ko a ruwan baya, kuma ya fi tsohon gwajin baƙar tawada kamawa nesa ba kusa ba. A irin wannan ciwo auna matsin ruwan wajibi ne: in ya haura santimita 25, rage ruwan kansa magani ne.

Wanda halinsa ya sauya farat ɗaya, yana zazzaɓi da jijjiga da ruɗewar magana, sau da yawa gida kan fara kai shi wajen ruƙiyya. Kumburin ƙwaƙwalwa na bairos ɗin hapis yana zuwa da wannan kama. PCR ke tabbatar da shi, amma yana iya cewa babu a kwana 3 na farko, sai a maimaita bayan kwana 3 zuwa 7, maganinsa acyclovir kuma ba ya jiran sakamako. Akwai na'urori irin BioFire da ke neman ƙwayoyi 14 a tashi ɗaya cikin kamar awa guda. Suna da tsada, ba sa neman tarin fuka, ba sa faɗin jinsin meningokokas, kuma in an yi su a kan ruwan baligi mai garkuwa da ba shi da fararen ƙwayoyi, sun fi kawo ruɗani da amsa. A fara da ƙirga da sukari da rini.

Zamfara na da nata darasi na daban. A 2010, yara suka riƙa jijjiga suna mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da 'Yargalma, kuma maganin maleriya da na bakteriya bai yi musu komai ba. Sai da aka auna jini aka ga dalma ce daga ƙurar dutsen zinariya da ake niƙawa cikin gidaje. Yara kusan 400 suka rasu. Ruwan baya ba ya nuna wannan, jini ke nunawa, kuma gara na jijiya, domin ƙurar da ke kan yatsa na iya ɗaga sakamako. Daga maikurogiram 45 a desilita ake fara maganin fitar da ita. Tambaya ɗaya, "Ana niƙa dutse a gidanku?", ta isa ta sauya gwajin da za a rubuta.

Duk wannan ya rataya ne a kan takardar da ke raka kwalba. Suna, shekaru, ƙauye da mazaɓa, ranar da ciwo ya fara, awar da aka ɗebi ruwan, maganin da aka sha da lokacinsa, ko an taɓa rigakafi. Lambar jikin kwalba ta zama ita ce a takarda, a rubuta da alƙalamin da raɓar ƙanƙara ba ta gogewa.

Sai laka ita kanta. Baligin da baya ya daɗe yana masa ciwo, ƙashin ya yi ƙusumbi, ƙafafu suna mutuwa a hankali, tarin fukan ƙashin baya ake fara zargi, kuma hoto ne gwajinsa. Yaro ɗan ƙasa da shekara 15 da ƙafarsa ko hannunsa ya saki laƙwas cikin 'yan kwanaki kuwa, shan inna ake nema, kuma ba a ruwan baya ake samun ƙwayar ba, a bayan gida take. Ana ɗibar kashi sau biyu, aƙalla awa 24 tsakani, cikin kwana 14 da fara shanyewar, kowanne kamar girman babban yatsa, wajen giram 8, a tura cikin ƙanƙara zuwa ɗakin gwajin Ibadan ko na Maiduguri. An tabbatar da kawar da ƙwayar shan inna ta asali, wadda ake kira ta daji, daga Najeriya a Agustan 2020, amma nau'in da ya rikiɗe yana yawo a inda rigakafi ya yi ƙaranci, ciki har da Zamfara da Kebbi. In an makara kwana 14 ɗin sun wuce, ana ɗibar na yaron duk da haka, a ƙara da na yara uku 'yan ƙasa da shekara 5 da suke wasa tare da shi.